Ranar da Na Kai Albishir Afala a Kan Keke

Shekara huɗu bayan ƙasarmu ta samu mulkin kai na sayi keke. Sunana Ma'azu, tela ne ni a bakin kasuwar Tawa. Ina da keken ɗinki tun tuni, amma shi kome taka shi da za ka yi ba ya kai ka ko'ina. Wannan kuwa na hawa ne, baƙi, tsoho, a hannun wani Badamagare na same shi, ƙararrawarsa kaɗai ce sabuwa. A bayan gari na koyi tuƙi, inda babu mai ganin faɗuwata sai awaki.

Kafin ɗari ya kankama na zama ɗan aiken unguwa, kuma ba wanda ya tilasta ni. Tsohuwa na son kanwa, ni ne. Liman zai aika takarda gidan waya, ni ne. Ɗinkin mutane ya taru a kwando, masu shi su zo su tarar da rumfa babu kowa. Ana ta sa mini albarka ina amsawa da sunkuyar da kai, alhali ba taimakon ne ya dame ni ba, so nake a gan ni ina wucewa. Saboda sanyin safe na samo wata doguwar kwat ta soja a wurin wani tsohon sojan Faransi. Mutumin ya fi ni tsawo nesa, kwat ɗin har idon sahu take kai mini.

A tsakiyar ɗarin nan matata Azumi ta haihu. Haihuwar fari ce, an ma tsai da ranar da za a kai ta gidan iyayenta a Afala ta haihu can, sai haihuwar ta riga ranar da mako biyu. Mace aka samu, uwa da ɗiya lafiya.

Yayana Yunusu, wanda shi ne babba a gidanmu, ya kira ni zaure.

"Gobe Illa zai tahi Afala da jakai," in ji shi. "Shi kai goro, shi hwaɗa musu. Kai ka zamna gida."

Illa ɗan kawuna ne, taubashina, mai fatauci da jakuna tsakanin Tawa da ƙauyukan arewa. Tun muna ƙanana ba mu raga wa juna.

Na ce, "Yaya, ga keke a gida, a ba jaki albishir?"

"Ina ka taɓa jin uban ɗan hwari ya tahi gidan surukai da bakinai ya ce an haihu? Ba ka jin kunya?"

Ina ji, amma surukaina ba su taɓa ganin keken ba. Na yi ta kawo hujja, uwar Azumi tana can hankalinta a tashe, jaki sai la'asar, ni kuwa kafin rana ta take tsaka na isa. Daga ƙarshe Yunusu ya miƙo mini ƙunshin goron.

Illa ya tashi bayan sallar asuba. Ni da gangan na jira hantsi, don ina son in cim masa a hanya. Na ɗaure goro a baya, na zura kwat, na naɗe kai da kunnuwa da rawani, na bi ta gaban kasuwa ko da yake ba nan ce hanyar ba.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Fako ne da tsakuwa, keke na gudu, gonaki an girbe sai kara a tsaye. Ban daɗe ba na hango jakunan Illa guda uku, da buhunan albasa, shi yana biye ya ƙudundune cikin bargo. Na matsa ƙararrawa har jakin baya ya zabura.

"Mi zan ce musu?" na tambaye shi ina wucewa. "A aje maka tuwon dare?"

"Allah shi kiyaye hanya, mai ƙarhe," in ji Illa.

Daga nan iska ta juyo mini gaba da gaba. Mai tafiya a ƙasa yana iya cusa hannu a hammata, mai keke kuwa dole yatsunsa su zauna a kan ƙarfe. Tun ina jin zafinsu har na daina jin su gaba ɗaya. Hawaye na zuba, hanci na zuba, babu hannun sharewa. Sai hanya ta gangara wani kwari, yashi ya kama taya, na sauka na tura. Na hau, na sauka, na sake turawa. A wajen fita kwarin iska ta jawo wani reshen aduwa daga shingen gona ta ajiye a kan hanya. Na gan shi sarai, na ce wa yatsuna su kama birki, suka ƙi.

Tayar gaba ce ta fara sacewa. Na sauka ban damu ba, ai ina da famfo da faci da ɗan gwangwanin danƙo. Sai na tarar danƙon ya daskare kamar tsohuwar alewa, yatsun kuma ko murfin ba su buɗe ba sai da na sa haƙori. Ina cikin wannan na duba tayar baya, ita ma ta kwanta.

Na jingina keken da wata bagaruwa, na ba iska baya, na zauna. Wani Buzu ya zo wucewa a kan raƙumi, ya tsaya ya leƙo mu daga sama, ni da keken.

"Ba shi da lahiya?" ya tambaya.

Na ce hutawa muke yi. Ya gyaɗa kai ya wuce. Don in samu abin yi na kwance goron surukai na ɗauki ɗaya, daga baya na ƙara, ban tsaya inda ya kamata ba.

Da azahar na ji kofaton jakuna. Na so a ce Illa ya yi dariya a wuce wurin, amma ya tsaya ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya ce sannu da hutawa. Sa'annan ya ɗaga keken ya ɗora a kan buhunan jakin tsakiya, ya ɗaure da igiya.

"Kullum shi ke ɗaukar ka," in ji shi. "Yau bari shi ma shi ji daɗin hawa."

Haka muka tafi, keke a sama, ni a ƙasa ina take bakin kwat.

Da muka hango rumbunan Afala rana ta yi la'asar. Na riƙe hannun Illa na ce ya dubi zumunci, kada ya bari in shiga garin surukaina a bayan jaki. Na taɓa jin cewa in aka cusa busasshiyar ciyawa a taya tana kai mutum gida. Illa ya ce shi bai taɓa ji ba, amma yana son ya gani. Muka sauke keken, muka yi ta cusa ciyawa har tayoyin suka yi ƙulu-ƙulu. Na hau, na bar shi yana gyara ɗaurin buhuna.

Surukina Baba Attahir yana zaune a ƙofar gidansa tare da dattawa, sun jingina da katanga suna shan sauran rana. Keken na tafe yana tsalle kamar an ɗora ni a kan turmi, duk da haka na miƙe wuya, na kai babban yatsa ga ƙararrawa. A daidai nan bakin kwat ɗin ya shiga sarƙa. Keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na sauka da baki a gaban tabarmar dattawa, goro ya watse.

Na tashi zaune, leɓe ya fashe, jini na bin haɓa, ga hawayen sanyi a fuska. Ƙarar faɗuwar ta fito da surukata Inna Kadidiya bakin zaure. Ta ga mijin ɗiyarta shi kaɗai, a ranar da ba a sa ran zuwansa ba, jina-jina yana hawaye, ta kuma san ɗiyarta na da tsohon ciki.

"Azumi?" abin da ta ce ke nan.

Na buɗe baki. Muƙamuƙina ya sandare, kunyar da Yunusu ya ambata kuma ta zo ta rufe ni. Na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi gaban suruka, ita kuwa ta ɗauki sunkuyon nan da wata ma'ana. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu a ka tana salati a hankali.

Baba Attahir ya ce, "Ma'azu, hwaɗi abin da Allah ya yi. Mu masu ɗauka ne."

Na faɗi a gaban mutane sau da yawa kafin ranar da bayanta, amma ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar lokacin da na ga abin da son a gan ni ya jawo wa tsofaffin nan biyu ba. Na samu na ce, "Ta sauka," sai dai leɓen ya kumbura, ni kaina ban gane abin da ya fito ba.

Illa ne ya cece mu. Ya hango taron, ya bar jakunansa ya taho da sassarfa.

"Albishirinku. Azumi ta sauka lahiya jiya da hantsi, an samu ɗiya mace. Uwa da ɗiya ƙalau. Wanga kuwa hwaɗuwa ce kawai ya yi."

Inna ta ɗago ta dube shi, ta sa ya maimaita. Guɗa ta tashi a cikin gida. Aka kamo zabuwa aka ba Illa tukuicin albishir, ni aka kawo mini ruwan ɗumi da gishiri in wanke baki. Baba Attahir bai ce uffan game da faɗuwar ba. Ya tambaye ni ko na zo lafiya, na ce lafiya lau. Yana tambayar yana kallon wata akuya da ta samu ciyawar da ke leƙowa daga tayar gaba tana ja.

Washegari Inna ta shirya zuwa Tawa jego. Illa ya ba ta jaki ɗaya, sauran biyun suna da kayan fataucinsa. Kayanta kuwa ga gero, ga kanwa, ga saiwoyin wanka, ga ƙatuwar tukunya, ga ƙwaryar man shanu. Ta dubi keken, ta yi wa Illa magana, don tun jiya ba ta dube ni ba.

"Tunda ƙarhe ne, ai ba shi gajiya."

Aka labta wa keken kayan gaba ɗaya. Tukunyar aka kife a kan sirdi. Na kama ƙahonsa na tura tun daga Afala, ta cikin kwarin yashin nan, iska yanzu tana bayana, sai gumi a cikin kwat da sanyi a yatsu. A hanya Inna ta dama fura ta ba Illa, ta ce ya miƙa wa mai keke.

Da muka iso Tawa na nuna wata ƴar hanya ta bayan gidaje. Inna ta ce wa Illa ita hanyar kasuwa ta sani. Muka bi ta gaban rumfata, masu jiran ɗinki suna ta yi mini sannu da dako.

Illa bai ko sauke kaya ba ya tsaya a bakin ɗaki ya ba Azumi labari daga farko har ƙarshe. Ta yi ta dariya tana riƙe ciki har ungozoma ta kore shi. Da gida ya lafa aka kira ni na leƙa. Jaririyar na barci a cinyar kakarta, an naɗe ta da zane biyu. Azumi ta turo mini wani ɗan ƙoƙo da man shanu a ciki.

"Inna ta ce ka shahwa a leɓe da hannuwa," in ji ta. "Ta ce kuma gobe da sahe a samo itacen wanka, amma ka tahi da ƙahwa."