Saitin Zaharaddeen

Sagir ya sake ƙara wa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu da mataki ɗaya, ya danna maɓalli, ya ja da baya kamar wanda ya tsokani kare. Kwamfutar ta tashi. Fankar cikinta ta hau gurnani, shi kuwa ya zuba wa sikirin ido.

Shagon na yayansa ne, Zaharaddeen, mai haɗa bidiyon biki a bakin tashar Ƙaura. Mutumin da ya haɗa wa rabin gari bidiyon aurensu, nasa kuwa ya bar shi ɗanye cikin kwamfuta, kullum sai gobe. Ana cikin haka 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Shinkafi, aka kawo gawarsa. Jiya matarsa Saliha ta fita takaba, yau za ta koma gidan iyayenta a wani ƙauye bayan Zurmi, inda ko kiran waya sai an hau tudu. Kunya ta hana ta magana sai da safen nan, ta roƙi abu ɗaya: a sa mata bidiyon bikinsu a memori. Ɗanyen hoton ya fi ƙarfin wayarta, dole sai an haɗa shi an matse. Kwamfutar ta nuna aikin zai kai magariba, motar Mamuda direba da za ta kai Saliha kuwa ba ta wuce la'asar, don babu direba mai hankali da ke bin hanyar nan da yamma.

Tun da daɗewa Zaharaddeen ya ɗaga gudun injin sama da yadda kamfani ya sa masa, kuma yana da tasa hanyar. Ya ƙara mataki ɗaya, ya jibga wa kwamfutar aiki mai nauyi, ba da sanyin safiya ba, sai da tsakar rana, ƙofa a rufe. In ta jure ya ƙara, in ta faɗi ya koma baya. Bazara guda ya ɓata a kan haka yana zufa, 'yan kamasho na yi masa dariya wai yana gasa kansa. Yakan ce saitin da bai ga ranar Ƙaura ba ƙarya ne.

Sagir ya san duk wannan, da idonsa ya gani. Amma gaggawa ta raya masa cewa wataƙila Yaya ya bar sarari. Matakin farko ya zauna. Na biyu sai da ya ƙara ƙarfin wuta, zafi ya yi sama, ya cire murfin akwatin kwamfutar ya juyo da fankar shago kanta. A na uku bai tsaya gwaji ba, ya saki aikin kai tsaye. Abin ya yi ta gudu gwanin sha'awa har ya wuce rabi. Sai sikirin ya yi shuɗi, ya yi baƙi. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, fanka na juyawa, babu ko harafi.

Magani ɗaya ne, a cire ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke jikin madabod, babban allon cikin injin. Cire shi kuwa zai shafe saitin gaba ɗaya, har da lambobin da Zaharaddeen bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tun rasuwar yayansa, Sagir bai yi kuka a shago ba, sai da ya sa farce ya ɓamɓare batirin nan.

Kwamfutar ta dawo da gudun kamfani, tana ja kamar tsohon jaki. A haka Saliha ta yi sallama, jaka a hannu. Da can ba ta shigowa sai ta tsokane shi, irin wasan matar wa da ƙanin miji. Yau ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mi ya hwaru, Sagir?"

Ya gaya mata komai, bai ɓoye ba, ya ce ko bayan isha'i aikin ba zai gama ba. Ta kalli buɗaɗɗen akwatin.

"Yayanka kullum cewa yake ya san inda za ta tsaya," in ji ta. "Kunna min ɗanyen nan, in gani da idona."

Ya kunna. Ga Zaharaddeen cikin babbar riga, ango guda, amma ya taso daga kujera yana gyara wa mai kyamara tsayuwa, yana masa faɗa, abokai na jan rigarsa. Saliha ta yi dariya, dariyar ta yanke. Ba ta zauna ba, a tsaye ta kalla har Mamuda ya fara danna hon.

"In an samu mai tahiya zan aiko miki, Yaya Saliha."

"To. Allah shi bar zumunci."

Ya raka ta mota da jakar, ya dawo. Da ya zo sake sakin aikin, sai ya lura da agogon da ke kusurwar sikirin. Cire batiri ya mayar da kwanan wata baya, can shekarar da aka ƙera injin, lokacin Zaharaddeen na saurayi, bai ma san Saliha ba. Sagir ya kai hannu zai gyara, ya daɗe hannun na kan maɓalli. Sai ya janye, ya bar kwanan watan a haka, ya saki aikin, ya rufe ƙofar shagon, ya zauna cikin zafin yana jira.