Kaskon Inna Maiturare

Shugabancin mata dai, wallahi ko maƙiyina ba na yi masa fatansa. Tun da 'yan ƙungiyarmu ta masu man gyaɗa a Unguwar Hajji suka ɗora mini shi, kaina bai huta ba.

Shekara da shekaru a tsakar gidan Inna Maiturare muke aiki. Ita ta tara mu tun farko, a babban kaskonta muke suyar gyaɗa, a turminta muke daka. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna Kano. Sai ga masu tallafi sun ba mu injin matse mai, aka kafa shi a wani ɗaki a bakin titi, don mota ba ta shiga lungun Inna. Na kira taro na yi bayani har maƙogwarona ya bushe: daga yanzu can za mu koma, mu huta da daka. Inna ta ce, "To, madalla. Allah ya sa albarka." Kowa ya ce amin. Na koma gida ina murna, ni sokuwa.

Ranar farawa ni kaɗai na je. Washegari ma haka. Wannan ta aiko wai ciwon kai, waccan wai baƙi ta yi, duk wadda na tarar a hanya sai ta ce, "In sha Allahu gobe." Goben nan na sha ta har ta ishe ni.

Malam Ikrima, jami'in da ya kawo injin, ya zo ya tarar da ƙura a kansa. Ya ce, "Hajiya Saude, matan Rogo sun dame mu da roƙo. In haka zai ci gaba da zama, kwance shi za mu yi mu kai musu."

Na nufi gidan Munawwara, mataimakiyata, na ce, "Ke gaya mini gaskiya, Inna ce ta hana ku?"

"Wallahi ba ta ce komai ba."

"To mene ne?"

"Ai shi ne, Saude. Ba ta ce komai ba. Mu zo wurinki mu ci fuskarta, mu je wurinta mu ci taki. Sai muka zauna a gida."

Da safe na tafi gidan Inna da maganganu cike da bakina. Na yi sallama na shiga. Ta share tsakar gida tas, ta shimfiɗa tabarmi, kowacce a inda mai ita take zama. Ta ɗora kasko a murhu, ba wuta a ƙarƙashinsa. Ita kuma tana zaune ita kaɗai da carbi.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara, har awakina ta tambaya. Injin ne kawai ba ta tambaya ba.

Na ce, "Inna, na gaji. Za a ɗauke injin nan. Me kike so in yi?"

Ta ce, "Yau kika tambaye ni, 'yar nan? A tsakiyar taro na ji an tashe ku daga gidana, kamar yadda kowa ya ji. Me zan ce ban da madalla? Da kin zo ke kaɗai kin zauna a nan kafin taron, da ni zan kai muku kaskon da kaina."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Na fara cewa ai suya sai a bar ta a nan, ta ɗaga mini hannu.

"Kada ki raba wa mata aiki gida biyu saboda tsohuwa. Ɗauki."

Da hannunta ta aza mini kaskon a ka. Na ratsa unguwa da shi, mata na leƙowa. Kafin azahar ɗakin inji ya cika, har ana faɗan layi. Malam Ikrima ya yi ta yabona, wai na iya tafiyar da jama'a.

Injin yana nan, mai yana fita. Amma hanyata ta bayan katangar Inna take, kuma kullum da safe ina jin ƙarar tsintsiyarta. Jiya na leƙa. Tabarmin suna shimfiɗe, har da tawa.