Bukkar Salihu

Fatsuma tana ta daka, turmin kuwa babu komai a ciki.

"Ke, mi kike daka haka?" na tambaye ta.

"Inna, rage murya. Nishinshi nike ruhewa."

Na leƙa bukkarsu. Mijinta Salihu yana kwance, ƙurajen agana sun cika masa fuska, har cikin baki.

A shekarar nan a Sinnar ta ƙasar Sudan, duk bukkar da ma'aikatan lafiya suka samu mai agana, wuta suke sa mata, a kai mai ciwon karantina, inda ake killace marasa lafiya. Gidan ƙasa kuwa magani kawai ake fesa masa. Mu 'yan haya duk bukkokin kara muke ciki, a bayan katangar mai gida, Abdulmuttalib. Gari ya ɗauka cewa mu baƙi 'yan Afirka ta Yamma muka kawo ciwon. Ni dai na san 'yar mai gidan ta riga kowa kwanciya, kuma ban ga hayaƙi a gidansa ba.

Da hantsi sai ga Abdulmuttalib, ya rufe hanci da gefen rawani, ya tsaya daga nesa.

"Ya hajja, ina Salihu? Ban gane shi masallaci ba."

"Ya tahi tsinkar auduga Managil," in ji Fatsuma, taɓarya ba ta tsaya ba.

"Kwayyis, da kyau. To takalmanshi su ba su tahi ba?"

Suna nan bakin ƙofa. Salihu bai taɓa shiga ɗaki da takalmi ba, ita kuma ba ta taɓa ɗauke masa su daga inda ya ajiye ba.

Mai gida ya juya ya tafi. Fatsuma ta saki taɓarya, muka kasa kunne. Babu nishi. Ta shiga, ta daɗe, ta fito ta zauna a ƙasa, ta cusa mayafi a baki don kada kuka ya fita.

Kafin la'asar motar hukuma ta zo. Ma'aikatan suka ɗauke gawar Salihu, ba su bari an yi masa wanka ba. Suka zuba kananzir, bukkar ta kama da wuta, har da tabarmarsu da buhun dawarsu.

"Ku taho wurina," na ce wa Fatsuma da 'ya'yanta.

Na ɗauki ƙaramar 'yarta, Lami, na goya. Tun ban kai ƙofata ba na ji zafin jikinta yana ratsa zanena. Ma'aikatan suna tsaye, akwai sauran kananzir a garwarsu. Na jawo mayafina na rufe mata kai, na ci gaba da tafiya a hankali.