Gonar Itace ta Fadan Kagoma

Bayan farin da ya ƙone arewa a shekarar 1973, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta ware kuɗi a kasafinta don dashen itatuwa. Kaso ɗaya ya gangaro har Kafanchan, ya faɗo hannun Silvanus Kumai, malamin daji, ɗan Fadan Kaje. Siririn mutum ne mai yawan shiru, yana da tsohon babur wanda ake jin ƙararsa tun kafin a hango shi.

An ba shi wani gangare kusa da Fadan Kagoma, aka ce ya dasa malaina da kashu, ya kewaye filin da waya, don gari ya sami itacen girki ba sai an ci gaba da sare kurmi ba. Ranar da ya je awo, sai ya ga sawun shanu ya ratsa tsakiyar filin ya gangara rafi. Ya bi sawun a ƙafa har rugar Ardo Sada, dattijon da ya daɗe yana kiwo a yankin. Ardo ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi nono, ya ce masa wannan burtali tun zamanin mahaifinsa ake bin sa, idan aka toshe shi ba su da wata hanyar ruwa sai ta gonakin citta.

A cikin gari ma ba murna ya tarar ba. Mama Angelina, shugabar zumuntar mata ta majami'ar garin, ta tare shi bayan sujada. Ta ce mata sun ji labari, kuma a saninsu duk inda gwamnati ta kafa waya, macen da ta shiga ɗibar kirare tara ake cin ta.

Silvanus bai yi musu da kowa ba. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, ya shimfiɗa taswirarsa gaban babban jami'in dazuzzuka. Ya roƙi a raba filin biyu, gabas da yamma, a bar burtali a tsakiya, a yi shinge da bini-da-zugu, tunda shanu ba sa cin sa. Kuɗin waya kuwa a haƙa rijiya da shi, a riƙa biyan matan gari ladan ban-ruwa da rani.

Jami'in ya daɗe yana duban taswirar. "Idan shanu suka cinye dashen, wa zai amsa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Jami'in ya ce ya ji, amma canza abin da aka ware wa kuɗi ba a hannunsa kaɗai yake ba. Silvanus ya koma Kafanchan yana rainon iri a leda, yana jira. Izini ya iso ana gab da saukar ruwan fari.

Daminar nan aka yi dashe. Matan zumunta suna jera tsirrai suna rera waƙoƙin majami'a da Hausa, mazansu suna haƙa ramuka, shi kuma yana bin layi yana danne ƙasa da tafin hannu. Da rani ya shigo, ciyawa ta bushe, ya sake komawa ruga. Ya roƙi Ardo ya riƙa sa shanu su kiwata ciyawar da ke gefen shinge har ƙasa ta fito, don ko wuta ta taso ta rasa abin kamawa. Ardo ya yi dariya, ya ce tunda yake bai taɓa ganin ma'aikacin gwamnati ya roƙi saniya ta matso ba. Amma ya yi. Gefen gabas ne kawai shanu ba su iya hawa ba, saboda duwatsu.

Ta nan wutar ta shigo, wata ranar kasuwa da azahar. Mafarauta ne suka cinna ta a bayan tudu, iska ta kwaso ta. Ardo Sada ne ya fara ganin hayaƙi. Ya tura mutum ya sanar a kasuwa, shi da 'yan'uwansa suka faɗa filin da ɗanyen ganye. Mata suka bar kayan sayarwarsu a tire, suka yi layi daga rijiya suna miƙa bokiti. Silvanus yana Kafanchan aka kai masa labari. Da ya iso, ya jefar da babur a bakin hanya, ya cire rigarsa ya jiƙa, ya shiga inda wutar ta fi ƙarfi. Kafin la'asar sakaliya an kashe ta. Filin yamma bai taɓu ba, amma kusan rabin na gabas ya zama toka, hannun Silvanus na dama kuma ya sale.

Ya zauna a bakin rijiya, ya kasa duban kowa. Mama Angelina ta ɗaure masa hannu da ɗankwalinta.

"Ɗana, ɗaga kai," in ji ta. "Ramukan suna nan. Iri kawai za ka kawo."

A rahoton da ya aika Kaduna bai rage komai ba. Ya faɗi abin da ya ƙone, ya ce shi ne bai sa an nome gefen duwatsu da fartanya ba. Wasu abokan aikinsa sun ba shi shawara ya ɗora laifin a kan makiyaya, ba mai bincike. Ya ƙi. Jami'in ya zo da kansa, ya zaga filin, ya gaisa da Ardo da Mama Angelina, ya koma. Da aka fitar da sabon kasafi, sunan Fadan Kagoma yana ciki, da kuɗin sabon iri da na share ciyawar gefen shinge don tare wuta kowace kaka.

Silvanus ya sake dasa gabas, amma bai ga saran farko ba. A 1977, lokacin jihar ta riga ta koma Jihar Kaduna, aka ɗauke shi zuwa wani yanki. Ranar tafiyarsa mata suka cika masa buhu da busasshiyar citta, Ardo Sada ya taka har bakin titi da ƙwaryar man shanu. Bayan shekara biyu aka fara sassabe rassan malaina a filin yamma, aka raba itacen unguwa-unguwa a ƙarƙashin kulawar Mama Angelina, aka kai wa ruga nata kason a amalanke.