Jan Layin Ƙasan Allo

"Ki tallafe masa kai, Hansai, zai sake amai," in ji Dorkas, tana jawo kwano da ƙafa.

Na tallafe. Mijinta, Malam Bitrus, ƙaton mutum ne, amma ran nan kansa bai fi ƙwarya nauyi a hannuna ba. Ƙafafunsa sun kumbura suntum. Asibiti sun ce a mai da shi gida, kowa kuma ya san abin da ake nufi.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Malumfashi. Sana'arsa rubuta allunan talla, na shaguna da na masu injin niƙa, har daga Gozaki da Funtua ana zuwa masa. Ba ya son dogon surutu a allo. Yakan ce, "In mai keke bai gama karantawa kafin ya wuce ba, an yi asarar fenti." Kuma yana da wata ɗabi'a mai cin rai: ba ya rubuta wa kaya talla sai ya gwada su da kansa. Ni da nake sayar da waina, sai da ya cinye mini abin da ya cinye, yana lumshe ido kamar alƙali, kafin ya rubuta mini "Waina da zafinta, miya ba ƙarin ruwa." A ƙasan kowane allo kuwa sai ya ja layi guda da jan fenti: "Bitrus ya gwada." Ban iya boko ba, amma na san wannan layi. Duk garin an san shi, saboda shi ake saye.

Ya buɗe ido da ƙyar. "Yau kasuwa?"

"Yau ce," in ji Dorkas.

"Allon Maitama." Ya yunƙura zai tashi, muka danne shi. "Yau zai kafa shi."

Maitama wani mai tallan magani ne da mota mai lasifika. Ya kawo wani baƙin ruwa a kwalabe, wai na ciwon baya ne, domin manoman da suka gama tsinkar auduga. Malam Bitrus ya sha kamar yadda ya saba, bayansa ya saki, ya ji daɗi. Maitama ya tsaya masa a ka da gaggawa, shi kuwa ya rubuta allon, ya ja jan layinsa, aka ɗauke. Ya ci gaba da sha. Bayan haka ne fitsari ya ɗauke masa.

"Maƙwabciya," ya ce da ni, muryarsa a dishe, "sunana yana jikin katakon nan. Za su gani su saya. Su kai wa tsofaffinsu."

"To ai sai a aika wa Maitama."

"An aika," in ji Dorkas. "Ya ce allo nasa ne, ciwon Malam kuma daga Allah ne."

Raina ya ɓaci. Malam Bitrus ya nuna ƙarƙashin benci da haɓa. Gwangwanin farin fenti ne, da burushi a cikin kananzir.

"Layin ƙasa kawai za ki shafe, jan nan. Kada ki taɓa wa Maitama sauran, nasa ne."

Na yafa mayafi, na ɗauki gwangwanin. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, amma na doshi kasuwa, har na wuce 'yan hatsi. Tun daga nesa na jiyo lasifikar: "Ku matso, ku karanta da idonku! Bitrus ya gwada!" An jingina allon a jikin motar, mutane sun yi dafifi. Wata dattijuwa tana kwance bakin zaninta za ta saya.

Na kutsa, na durƙusa gaban allon, na tsoma burushi.

"Ke! Ke baiwar Allah, mene ne haka?" Maitama ya diro daga mota, ya riƙe mini hannu. Fenti ya zubo mini har gwiwar hannu.

"Sake ni, Alhaji. Mai sunan ne ya aiko ni."

"Allona ne!"

"Allonka ne, sunan ba naka ba ne." Na ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji. "Ya gwada, gaskiya ne. Yana can kwance, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Wanda yake shakka ya biyo ni ya gani."

Dattijuwar nan ta ɗaure bakin zaninta. Wani mahauci, Mudi, ya ce, "Alhaji, sake ta mana." Ya sake ni. Na bi jan layin daga farko har ƙarshe, na sake bi, don jan yana tasowa ta ƙarƙashin farin. Ban taɓa sauran ba.

Da gudu-gudu na komo. Ina karya kwanar layinmu na jiyo matan cocinsu suna waƙa a hankali cikin gidan. Na shiga. An riga an lulluɓe shi da farin zani.

Dorkas ta taso, idanunta jajir. Ta kama hannuna, ta juya shi, ta dubi fentin da ya fara bushewa tsakanin yatsuna.

"Ya ce in kin dawo in duba hannunki," ta ce.

Nan kuka ya ƙwace mini. Ta karɓi burushin, ta sunkuya, ta mai da shi cikin kananzir a ƙarƙashin benci, yadda yake yi kullum don kada ya ƙandare.