Bazarar Watan Agusta

Shekara ashirin da shida ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Karaye. Na zana teku a allo ya fi sau ɗari, da farin alli, amma ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne dam ɗin Challawa, shi ma daga nesa, na naɗe ƙafar wando don gudun tsautsayi.

A wannan allon ne na riƙa koya wa yara cewa lokacin zafin Turawa shi ne bazara. 'Yata Bahijja tana cikin waɗanda suka kwafa a littafi, ta ci jarrabawa da shi, ta tafi Ingila aikin jinya da shi a kanta. Bara da kaka ta bugo waya ta ce, "Baba, da bazara za mu haɗu a Masar, ni da maigidana mu kai ku bakin teku kai da Umma."

Na ce to. Wa zai ƙi tafiya da bazara? Ba shuka, ba noma, aikin mutum kawai ya zauna a inuwa ya yi gumi.

Matata Maijidda ta fito da akwati a ranar. Tun tana amarya take tambayata yadda teku yake, ni kuwa ina ba ta amsa irin ta wanda ya yi iyo a cikinsa. Amma akwai dalilin gaggawarta. Likita a Kano ya ce tana da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana tsukewa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta hana ni gaya wa Bahijja, wai kada yarinya ta kasa aiki a ƙasar mutane.

Bazara ta zo, ta gasa mu, ta wuce. Bahijja ba ta sake tayar da maganar ba. Maijidda ta ce in tuna mata, na ce ai ba a yi wa 'ya'ya naci. Gaskiyar magana daɗi na ji. Ina tsoron jirgi, ina tsoron ruwa, ina kuma tsoron in je in tarar teku bai yi kama da wanda na zana ba. Da ruwa ya sauka na ce alhamdu lillahi, na shuka masara da gyaɗa a gonarmu ta gado da ke Kafin Dafga, har da gefen da na saba bari.

Sai ga tikiti a waya. Biyar ga Agusta, saura sati uku.

"Bahijja, Agusta kuma? Tsakiyar damina?"

"Baba, ai ita ce bazarar nan. Kai fa ka koya mana."

"To ta nan ai a watan huɗu aka yi ta, ta wuce."

Ta yi dariya har da tari. "Da ka yi magana ai da na nemi hutu a lokacin. Na ɗauka ka fi son sai an rufe makaranta."

Ban yi dariya ba. Na ƙirga a zuci: wata huɗu. A watan huɗu Maijidda tana iya zura zare a allura.

Duk da haka, mutum da halinsa, sai na kama gona na riƙe. Ga maimai ba a yi ba, ga taki na biyu. Tun rasuwar mahaifina ban taɓa barin gonar nan kwana uku da damina ba. Na fara ƙulla yadda zan ce su tafi su biyu, uwa da 'ya, alhali na san Maijidda ba ta iya sauka ko daga motar haya sai da hannuna, kuma ta riga ta ce in ban je ba, ba inda za ta.

Shiri dai aka ci gaba da yi. Bahijja ta turo jerin kaya: gilashin rana, silifas, hula mai faɗi, gajeren wando. Hula mai faɗi ina da ita, malafata ta gona. Gajeren wandon ne ya kai ni kasuwar Rogo, wajen 'yan gwanjo, don kada a gan ni a Karaye. Mai kayan ya ɗago ya ce, "Malam! Ni ne Zubair, ɗalibinka na aji uku ja. Na yaro ne ko naka?" Na ce na wani ne mai irin ƙuguna. Kafin sati ya zagayo, a bakin masallaci ana tambayata ko gwamnati ta mayar da ni malamin motsa jiki.

Maijidda kuwa ta cika rabin akwati da kuka da daddawa da yajin ƙuli. Na aro sikelin masu hatsi muka auna, kilo talatin da ɗaya. Bahijja ta ce ashirin da uku ne iyaka. Kullum sai mu cire wani abu, washegari in tarar ya koma.

Saura kwana shida na hau babur na tafi gona. Abdulsalami na tarar a bakin iyaka. Makiyayi ne, kuma manomi, asalinsu mutanen Gwangwan ne, rugarsu tana maƙwabtaka da gonarmu tun zamanin iyaye. Shekara talatin muna zagin juna cikin mutunci.

"Kaɗo, an ce za ka je wankan teku da ɗan kamfai."

"Ɗan Fulani, ba inda za ni. Dubi ciyawar nan."

"Ciyawa ce ta hana ka, ko tsoro?"

"In na tafi wa zai yi maimai?"

"Ni."

"In bar wa mai shanu arba'in gonar masara? Ai gara in dafa musu in kai musu har ruga."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce, "Rannan da matata ta kai muku nono, ta ce maiɗakinka ta miƙo hannu ta karɓi iska. Ƙwaryar tana nan, hannun yana can. Malam, masara ana shuka wata baɗi."

Na ce masa hadari ya taso, bari in gudu. Ko gajimare babu.

Na iso gida da la'asar na same ta a tabarma, akwati a buɗe, tana ninke zannuwa. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi ba. Ina daga damanta, taku uku, ba ta san da ni ba. Kowane zane ta ɗauka sai ta bi bakinsa da yatsa. Da na lura sai na ga ƙulli ne na zare ta yi musu: wannan ɗaya, wancan biyu, wancan uku. Ta ɗauki mai biyu ta lalubo ɗankwali mai biyu ta haɗa.

"Salamu alaikum."

Ta zabura, ta juyo da fuskarta gaba ɗaya tana nemana. "Malam, ka tsorata ni. Yaya gonar?"

"Tun yaushe kike wannan ƙulle-ƙullen?"

Ta ce, "Tun farkon ruwa. Kada in je in sa ja da kore, surukinmu ya ce uwar matarsa ba ta san kwalliya ba."

"Yanzu nawa kike gani?"

Ta naɗe yatsunta ta yi 'yar kafa kamar bakin kwalba, ta ɗora a idon dama. "Kamar haka. In na saita, ina ganin ka sarai. Har furfurar." Ta sauke hannun. "Kai ka ce ba a ganin ƙarshensa. To ni ta wannan 'yar kafa, nawa zan samu?"

Na zauna na jawo akwatin. Na zare littafin taswira da na cusa a ƙasa don in je in gwada ko teku ya yi daidai, na zare takalmi sau-ciki guda, na mayar mata da daddawarta. Maganin ɗigawarta na sa a aljihun rigar da zan sa, kwalba uku. Sannan na kira Abdulsalami.

"Takin yana zaure, buhu biyu. In na dawo na ga sawun saniya ko ɗaya, sai mun je gaban mai gari."

"Ka kawo mini ruwan tekun a gora, in ji ko da gaske akwai gishiri."

Da na kashe, na ce mata yau za mu gaya wa Bahijja. Ta ce a bari sai mun isa. Na ce jira na yi da bazara, ga inda ya kai mu. Na buga. Yarinyar ta yi kuka, ta yi mini faɗan da ban taɓa zaton 'ya za ta yi wa uba ba, kuma ban sami kuskure ko ɗaya a ciki da zan gyara ba.

Ranar tafiya muka ɗauki shatar mota zuwa Kano da hantsi. Mun ɗan fita gari Maijidda ta manna fuska a gilashi, ta daɗe tana saitawa.

"Malam, wancan mai faɗin, dam ɗin ne?"

Na duba. Hadari ne ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya kwanta a kan gonaki.

"Hadari ne," na ce.

"Au." Ta gyara zama, ta shafa ƙullin bakin mayafinta. "To shi tekun, ka ce yana da ƙara ko?"

"Haka na karanta."

Na taɓa kafaɗar direba na ce ya ƙara wuta.