Ragin Lanho Saboda Marayun Adam

Ari shofer ne, yana tuƙa mota a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Damagaram. Da ƙanensa Adam ya rasu a Gidimuni, ya je ya ɗauko ƴaƴansa uku ya haɗa da nasa, aka bar wa uwarsu Rahina na goye. Gida ya cika, albashi kuwa yana nan inda yake.

Wata rana suna wankin mota, abokin aikinsa Sha'ibu ya ce, "Ka san ana rage wa mai iyali lanho, harajin nan da ake cira daga albashi. Yaran nan ba su da takardar haihuwa. Ka ce kai ka haife su, ni zan tsaya maka shaida."

Ari ya matse tsumma ya ce, "Adam bai bar musu shanu ba, bai bar musu gida a birni ba. Sunansa kaɗai ya bar musu. Shi ma in karɓe?"

Sha'ibu ya yi ta ba da labarin yana dariya, har maganar ta kai kunnen Madam Kaltuma, kwantabul mai lissafin albashin ma'aikata. Ta aika aka kira Ari.

"Malam Ari, wa ya ce maka sai ka haife su?" in ji ta. "Marayan da ke ci a tukunyarka shi ma ana iya sa shi a lissafin ragin. A yi musu takardun haihuwa da sunan ubansu, alƙali ya tabbatar kai ke riƙonsu, sauran aikin nawa ne."

Ari ya yi murna, amma Rahina ta ƙi. Wasu sun gaya mata idan ta dangwala hannu a gaban alƙali, ta sallama ƴaƴanta ke nan har abada. Ari ya je ya yi lallashi, ta juya masa baya tana kuka. Ya dawo ya ce wa Kaltuma a bar maganar, ba zai ɓata zumunci a kan kuɗi ba.

Ranar Asabar Kaltuma ta shiga motar kasuwa ta tafi Gidimuni ita kaɗai. Ta iske Rahina a lambu tana ban ruwa, ta tuɓe takalmi ta kama mata.

"Ƴar uwa, ni ma a hannun baffana na tashi," ta ce mata. "Babu wanda ya raba ni da uwata. Sunanki zai fito a takardar kowane yaro, kusa da na Adam. Duk ranar da kika so ganinsu, naki ne."

Sai da la'asar ta yi kafin Rahina ta ce za ta zo, amma da sharaɗin Kaltuma ta tsaya kusa da ita a gidan shari'a. Ta kuwa tsaya.

Ragin da aka samu ba mai yawa ba ne, amma ya ishi Ari ɗinka wa yaran kayan lakwal, wato na makaranta, kuma Zara, babbar cikinsu, ta samu rubuta jarrabawa da takardarta. Bayan haka masu gadi da leburori suka fara leƙa biron Kaltuma, wato ofishinta, kowa da nasa marayan da bai taɓa faɗa ba.

Da aka sare rake, Rahina ta aiko mata da dami guda. Kaltuma ta sa aka yanyanka shi a bakin ƙofar kamfani, duk wanda ya tashi daga aiki ya ɗauki gaɓa.